Saƙon Tanko Mai Zuma Da Na Goge

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hajara, mai sunan mahaifiyata, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan kin sauka Katsina lafiya, kin tarar da mutanen masaukinki lafiya. Yaya gajiyar mota? Yaya baƙunta? Mahaifiyarki na gaishe ki, ƙannenki duk suna gaishe ki. Allah Ya tsare ki fitarki da shigarki, Ya sa ki fara karatun jinyar nan a sa'a, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Wannan takarda na cusa ta a jakarki ne ƙarƙashin sallaya, don na san in na zaunar da ke zan faɗa maki da baki, ba zan kai ƙarshe ba. Kada ki sa ran labarin gida a ciki, jiya kika baro shi. Labarin kaina ne, kuma ba mai daɗi ba.

Kwanan baya da la'asar kina zaune a ƙofar ɗaki kina danna waya. Wani mutum ya yi rubutu a wani dandali, yana cewa rijiyar unguwarsu ta gurɓace, yara na ta gudawa. Kika tuntsire da dariya, kika miƙa wa ƙanwarki wayar, kika ce, "Ji wannan don Allah! Mutum bai iya raba kalma da kalma ba, shi ne zai ba mu labarin cuta?" Buta ce a hannuna zan yi alwala, sai da na ajiye ta na nemi wuri na zauna. Maganata ce na ji tana fita daga bakinki, har da yadda nake jan ƙarshenta. Ni na koya maki, Uwata, ba wani ba.

Akwai mutumin da yau shekara uku ke nan bai isa ya taka ƙauyenmu ba, kuma ni ne sila. Tanko mai zuma, ɗan Inna Jummai. Kin san abin da ake ce mashi: infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Ƙarya ce, kuma tun ranar farko na san ƙarya ce. Yana nan Katsina inda kike, tsohuwarsa kuma tana kwance a ƙauye, ciwo ya ci ƙarfinta. Akwai saƙon da za ki kai mashi, amma ba za ki iya ɗaukarsa ba sai kin ji komai daga tushe.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma sha biyu a ciki ina hedimasta. Jan biro ya fi zama a aljihuna bisa carbi, Allah Ya yafe mani. Tanko ya zauna a gabana a aji uku. Rubutunsa a cakuɗe yake, kalmomi na hawa kan juna, wasula na ɓacewa. Wata rana na ɗaga littafinsa sama na zaga da shi layi-layi, na ce kowa ya zo ya ga inda kaji suka yi tono. Aji ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Da aka gama girbi bai dawo ba. Ban aika a kira shi ba, a raina ma cewa na yi an rage mani aiki. Shi kuwa ya bi ubansa daji ya koyi ɗaura amya a kan itatuwa, har ya zama duk yankin Wagini babu mai zuma irin tasa. Duk da haka in ya gan ni sai ya sauka daga kan jaki ya durƙusa, "Malam, barka da rana, ina gajiya?" Kuma kowace kaka sai ya aiko mani da kwalba guda.

To ki ji nasiha ta farko. Za ki ga marasa lafiya da ba su iya faɗin inda ke masu ciwo ba. Za su yi ta kewaye-kewaye, su kira hanta ciki, su kira ciki zuciya. Kada ki taɓa maida ɗayansu abin dariya a gaban jama'a. Ke za ki manta kafin ki tashi aiki, shi kuwa ba zai sake zuwa asibitin ba, ko da zai mutu a gida.

Da fitinar nan ta ɓarayi ta zo, kin yi wayo, ba sai na tuna maki ba. Gona ta gagara, shanu suka ƙare, kowa na kwana da takalmi a ƙafa. A da, in wani abu ya taso, kuwwa ake yi daga gona zuwa gona, ko a kaɗa ganga, ba wanda ke tsayawa ya tambayi mai kuwwa ajin da ya gama. Da wayoyi suka yawaita sai matasa suka buɗe guruf na ƙauyukanmu, kowa ya riƙa jefa abin da ya gani: wace hanya ce lafiya, ina aka hangi babura. Suka zo har gida suka ce ni zan riƙe shi, tunda ni ne mai boko. Wallahi na ji daɗi. Na yi ritaya, ba mai kawo mani littafi in duba, ga shi an ba ni sabon aji.

Kin tuna a ƙauye babu sabis sai an hau dutsen bayan gari, ko a kan dogon itace. Saƙon murya ba ya tafiya, sai ya yi ta juyi har caji ya ƙare. Rubutu ne kawai ke wucewa. Saboda haka dole manomi da makiyayi da mai yankan itace, waɗanda rabonsu da biro tun suna yara, suka koma lalube da babban yatsa. Yawancin mutanen gari kuma ba su da wayar ma. Sai abin ya zama al'ada: kullum bayan asuba ni ke fara hawa dutsen, in karanta abin da ya shigo, in sauko ƙofar masallaci in faɗa. Ba mai ɗaure kaya a babur sai ya tambaya, "Me Malam ya ce?" In na ce a tafi, a tafi. In na ce a zauna, a zauna.

Maimakon in ji tsoron wannan nauyi, sai na mayar da guruf ɗin allo. Mutum zai rubuto ya ga baƙin fuska a fadama, ni kuma in amsa mashi da gyaran kalmomi uku. Har doka na kafa, wai duk mai son a ɗauki maganarsa ya rubuta ta yadda mai hankali zai karanta. Kai, tir da ni! Sannu a hankali mutane suka ja baya. Wa ke son a tsinka shi a gaban surukansa? Waɗanda ke kwana kusa da daji suka yi shiru, aka bar fili ga masu iya rubutu, su kuwa duk suna birni.

Cikinsu akwai wani ɗan garinmu da muke kira Injiniya, yana can Abuja. Ba mugu ba ne, Allah Ya sani, yana son garinsu. Amma ya shekara nawa bai zo ba, kuma abin da aka turo mashi yake turo mana. Sai dai rubutu, Uwata! Aya a wurin aya, waƙafi a wurin waƙafi, sakin layi tsaf, wani lokaci da Turanci mai santsi. Kullum "majiya mai tushe ta tabbatar". In na ga saƙonsa har gyara zama nake yi a kan dutsen. Ban taɓa tambayarsa wace ce majiyar ba.

Ga ta biyu. In kika ga magana a waya, kafin ki duba yadda aka rubuta ta, ki tambayi kanki a ina mai maganar yake tsaye. Da idonsa ya gani ko shi ma ji ya yi? Iya rubutu na nuna cewa uban mutum ya sami halin barinsa a makaranta, ko kuma ya yi sa'ar malami mai haƙuri, ba irina ba. Ban ga ya nuna wani abu bayan wannan ba. Ba cewa nake ki yarda da duk shirmen da aka turo ba, akwai maƙaryata a masu kyan rubutu da marasa shi. Ki bincika dai, ki kira, ki tambaya. Ni abin da ban yi ba ke nan.

Yanzu ga ranar. Na daɗe ina zagaye ta, hannuna ma ya gaji.

Ranar kasuwar Batsari ce, bayan an cire wake. Mutane sun yi makonni ba su fita ba, gishiri ma ya ƙare a gidaje. Na hau dutse da sassafe, gari ya fara haske. Saƙo biyu suka shigo. Na Injiniya dogo ne, yana cewa majiya mai tushe ta tabbatar an kakkaɓe hanyar rafi, jama'a su fita harkokinsu ba fargaba. Ƙarƙashinsa ga na Tanko, wanda ya hau itace a daji ya turo. Zan rubuta maki shi a gyare, don ki ji hali, har yau hannuna ba ya yarda ya kwafe shi yadda yake: "Malam, kada kowa ya bi hanyar rafi yau. Na je wajen amyoyina na ga sawun babura da yawa. Toka da ɗumi. Sun sha mani zuma. Suna kusa. A zaga ta tudu ko a haƙura."

Na gane shi sarai. Karantawa ɗaya na yi mashi na gane. Amma ganinsa a ƙarƙashin na Injiniya, a dunƙule, ba aya ba komai, sai raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutumin da ya kasa aji uku ne zai ƙaryata injiniya? Zai tada wa mutane hankali, ya hana su kasuwa don an sha mashi zuma? Mai riƙe da guruf na da ikon goge saƙon kowa. Na danna na goge shi kafin wani ya hau dutsen. Na sauko.

Baba Lawal, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana ƙofar masallaci ya ɗaure buhun wake biyu a babur. Ya ce, "Yaya, me ka gani a waya? Mu tafi?" Na ce, "Hanya lafiya, ku je. Ka sayo mani goro." Ya yi dariya ya ce goro sai tsofaffi, ya tada babur.

Kafin hantsi ya ɗaga muka ji ƙarar bindigogi daga wajen rafi. Sauran kin sani. Ke kika riƙe ƙaramin ɗansa ranar da aka kawo gawar Lawal a amalanke tare da mutum biyu. Kin ga na kasa tsayuwa wajen sallar jana'iza har aka riƙe ni, mutane na cewa Malam na son ƙanensa. Ina son shi, Allah Ya jiƙansa. Amma ba son ne kaɗai ya kashe mani gwiwa ba.

A nan ba ni da wata nasiha mai tsawo. In Allah Ya sa wata rana mutane suka riƙa jiran abin da za ki ce kafin su motsa, ki faɗa masu duk abin da kika ji, har wanda bai yi maki daɗi ba. Da na sauko na ce ga abin da Injiniya ya ce, ga abin da Tanko ya ce, da Lawal da kansa zai zaɓa. Ya san Tanko, ya san daji. Na tabbata da ya kwance buhunan nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kuskure ne. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne.

Bayan addu'ar uku sai aka fara ƙus-ƙus. Me ya sa Tanko bai je kasuwa ba ranar, alhali yana da zumar sayarwa? Yaya yake shiga daji kullum ya fito lafiya? Kin san kakanninsa Maguzawa ne, sun musulunta tun kafin a haife shi, amma har gobe in abu ya ɓaci a gari gidansu na gefe ake fara kallo. 'Yan sa-kai suka kamo shi suka kawo ƙofar mai unguwa, gari ya taru. An yaga mashi riga, leɓensa na jini. Ya ce, "Wallahi tallahi na yi gargaɗi! Na tura a guruf tun da safe!" Aka karɓi wayarsa aka duba, babu komai sai alamar an goge wani abu. Ya waiwayo ya same ni a cikin taro, har fuskarsa ta saki don ya ga mai cetonsa. Ya ce, "Ga Malam nan, ku tambaye shi. Malam, ai ka gani ko?"

Mai unguwa ya ce, "Malam, me ya rubuta?"

Matar Lawal na bayan danga tana ji. 'Ya'yansa na tsaye. Duk wanda ke wurin ya san ni na ce a tafi. Na buɗe baki na ce, "Ya turo wani abu kam, amma ban iya karanta shi ba. Kun san rubutunsa, ba a ganewa. Shi ya sa na goge."

Ba wanda ya yi mamaki, don shekara da shekaru na koya masu cewa rubutun Tanko abin dariya ne. Wani daga baya ya ce ai wata ƙila saƙon ɓarayi ne ya ɓata hanya ya faɗo mana. Shi ke nan, magana ta zauna. Tanko bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Haba Malam," a hankali. Mai unguwa ya yi ta maza ya hana a taɓa shi, ya ce kafin la'asar ya bar gari, in ya dawo kuma ba ruwansa. Ya tafi ya bar amyoyinsa a kan itatuwa da tsohuwarsa a ɗaki. Matarsa da yara suka bi shi daga baya.

Na yi ƙarya don kada a ce ni na kashe ƙanena, na ɗora wa wanda ya so ya cece shi. Mun dawo Batsari da zama, na ajiye riƙon guruf na ce idona ne ya yi rauni. Ba idona ba ne. Shekara uku ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa, mahaifiyarki na ta haɗa mani sassaƙe tana zaton basir ne. Uwata, in kin yi kuskure a wurin aiki, kin ba da maganin da ba shi ba ko kin manta wani abu, ki faɗa a ranar, tun bakinki bai yi nauyi ba. Kullum aka kwana sai ya ƙara nauyi, kuma kusan kullum akwai wani mara gata a kusa da za a jingina wa laifin in kika yi shiru.

Dariyarki ta ranar nan ce ta tashe ni. Juma'ar da ta wuce, da na ce maku zan je duba gona, ƙauye na je. Bayan an sauko daga masallaci na tsaya a ƙofar mai unguwa, wurin da aka tsayar da Tanko, na faɗi duk abin da na rubuta maki a nan. Na karanto masu saƙon daga ka. Na zaci za a yi mani ihu ko a jefe ni, da ma hakan aka yi da na fi samun sauƙi. Ba a yi ko ɗaya ba. Matar Lawal ta saki labule ta koma ciki, har yau ba ta amsa gaisuwata ba, kuma tana da gaskiya. Mai unguwa ya ce, "Allah Ya kyauta, Malam." Sai babban 'yan sa-kai ya tashi yana kaɗe wando, ya ce, "Malam ya tsufa, tausayi ke damunsa. Wancan karon ya ce bai iya karantawa ba, yau ya ce ya haddace. Wanne za mu ɗauka? Mu dai mun san abin da muka sani." Rabin matasan suka bi bayansa.

Daga nan na wuce gidan Inna Jummai. Tana kwance a kan tabarma, ta rame, idanun sun kusa rufewa. Maƙwabta ke kai mata kunu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na sake faɗin komai. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ni dama na san ɗana. Ba sai ka faɗa mani ba."

Na ce, "Inna, ɗiyata za ta Katsina. Zan sa ta nemo shi, ya zo ki gan shi."

Ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, ka faɗa mani gaskiya yau ɗaya. Wannan maganar da ka yi a gaban mutane, in ya zo, za ta sa ya kwana ya tashi lafiya?"

Na so in ce i. Wallahi na so. Na tuna fuskar yaran nan da suka tashi suka bar wurin da bindigoginsu a kafaɗa. Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "To a ce mashi kada ya zo. A ce na yafe mashi nonon da ya sha, ya zauna inda yake ya riƙe 'ya'yansa. In an ce mashi na tafi ma, kada ya zo." Ta juya fuskarta bango.

Wannan shi ne saƙon, Uwata. An ce mani yana tura kurar ruwa a unguwannin da ke bayan tashar da motocin Batsari ke sauke fasinja. Ya canza lamba, ni kuma ko ina da ita ba ni da fuskar kiransa. Ki tambayi 'yan ga-ruwa, ki ce Tanko na wajen Wagini, wanda ya taɓa sana'ar zuma. Ki je da rana, ki tafi da wata ƙawarki. In kin same shi ki durƙusa har ƙasa ki gaishe shi kamar yadda za ki gaida ni, ki ce ke ɗiyar Malam Isiyaku ce. In ya juya maki baya, kada ki ji haushi, ki jira. Ki ce mashi na tsaya a ƙofar mai unguwa na faɗi gaskiya, kuma zan ci gaba da faɗi duk Juma'ar da ƙafata ta kai ni. Kada ki roƙar mani gafara, wannan ba aikinki ba ne, kuma bai zama dole ya ba ni ba. Sannan ki faɗa mashi maganar tsohuwarsa yadda ta faɗe ta, kada ki rage, kada ki sassauta. Zai tambaye ki ko tana cin abinci. Ki ce kunu kaɗan.

Na ɗora maki kaya tun ba ki huta gajiyar hanya ba, ki yi haƙuri da tsohonki. In kin karanta kika ji ba ki son jin muryata na ɗan lokaci, na fahimta, ki dai riƙa kiran mahaifiyarki.

Allah Ya tsare mani ke, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin bakinki. Allah Ya jiƙan Lawal da waɗanda suka tafi tare da shi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ja kwanan Inna Jummai har ranar da hanya za ta buɗe wa ɗanta. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Isiyaku